Dutsen Dila a Gangar Kanbe

Tsuneo ya ajiye tsinkayen cin abinci a bakin kwanon shinkafa, ya karkata kunne wajen bango. Gangar Kanbe tana nan tana juyi, ƙurr-ƙurr, ƙurr-ƙurr, ga shi rana ta kusa take tsaka.

Lahadi ce. Duk Lahadin duniya, kafin mai kifi ya wuce da motarsa, maƙwabcin nasa yakan kashe inji, ya sauke gangar robar da yake gugar duwatsu a ciki, ya wanke su, ya canza garin guga. Sai a ji shiru, sai ƙarar ruwan tiyo, sai tarin nan nasa kamar ana jan buhu a kan siminti, sannan ganga ta sake tashi. Tsuneo bai taɓa leƙawa ba, bai ma bukata. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin girkinsa da rumfar Kanbe, kuma tun da matarsa ta rasu babu wata murya a gidan da za ta hana shi ji.

Yau mai kifi ya wuce, miya ta huce, shirun bai zo ba.

"Ina ruwana," ya ce wa kwanon. Sannan ya tashi ya nemi takalmi.

Sun fi shekara goma ba sa magana, ban da gyaɗa kai ranar fitar da shara. A kan dutse ne kuwa. Mu 'yan ƙungiyar duwatsu ta gaɓar tekun Itoigawa muna da ƙa'idarmu: idan teku ta gama haukarta aka fita tsintar hisui, koren dutsen nan da kowa ke kwana da mafarkinsa, to dutse na wanda hannunsa ya fara jiƙewa ne, ba na wanda idonsa ya fara gani ba. Wata safiya igiyar ruwa ta mirgino wani kore shar, ya kai dunƙulen hannu. Tsuneo ya ce, "Ga shi can." Kanbe kuwa ya faɗa ruwa har ƙugu. Ƙa'ida ta ba Kanbe. Tsuneo bai musa ba. Gaisuwa kawai ya janye.

Ƙofar bayan gidan Kanbe a buɗe take. Ya same shi kwance tsakanin tebur da firiji, silifa a ƙafa ɗaya, rabin fuskarsa ya saki kamar kyandir ya ji wuta. Butar shayi ta kife, ruwan da ya zube har ya bushe.

"Kai ne," in ji Kanbe, maganar tana fita ta gefen baki. "Duk faɗin garin nan, sai kai."

"Ni ma ba zaɓina ba ne. Kar ka motsa."

"Ka ga ina shirin rawa ne?"

Tsuneo ya kira motar asibiti, ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓe shi, ya zauna a ƙasa ya jingina da firiji. Babu mai kallon wani. A waje ganga tana ta aikinta.

"Yau ranar canji ce," in ji Kanbe.

"Na sani. Ai shi ya kawo ni."

"Matsakaicin gari za ka sa. Kwalba mai jan murfi. Ka wanke da kyau, na san hannunka. Ƙwaya ɗaya ta mai kaushi ta maƙale, ta karce min komai."

"Kana kwance a ƙasa kana koya min wanki."

"Kuma kar ka zuba lakar a rariya."

"Kanbe, na riga ka fara harkar nan."

"Ka riga ni farawa," ya ja numfashi, "ba ka riga ni jiƙewa ba."

Da aka tafi da shi, Tsuneo ya shiga rumfar. Wanda bai san aikin ba zai ce me ke ciki, ai kashe inji ne a jira mai shi. To, ba haka ba ne. Ganga idan ta tsaya aka bar ta, lakar da ke ciki sai ta daskare kamar siminti, ta riƙe duwatsun gaba ɗaya. Hanyar kuma ba ta da ratse: gari mai kaushi, matsakaici, mai laushi, sannan farin garin sheƙi, kowanne da makonsa ko fiye. Ya buɗe murfi, ya juye a rariyar roba bisa bokiti, ya sakar musu ruwa. Toka-tokar laka ta zame. Yawanci tsakuwar cika ganga ce. A tsakiyarsu ga wasu manya biyu, kore.

Ya haɗa su, suka zauna daram. Ko a duhu zai gane shi. Ya fi shekara goma yana juya dutsen nan a ransa. An yanka shi gida biyu da zarto.

Ya ɗaga rabi ɗaya wajen rana. Haske bai ratsa ba ko kaɗan. Fuskar yankan ba ta da ƙyallin nan kamar na gishiri, sai kore a dabbare da jan tsatsa. Dutsen dila ne. Haka muke kiransa, don shi ke yaudarar baƙi 'yan yawon buɗe ido, su cika aljihu da shi su hau jirgi suna murna.

Tsuneo ya daɗe a tsugune, ruwan tiyo yana bin takalminsa. Daga baya ya wanke komai da tsohon buroshin haƙori, ya zuba gari daga kwalba mai jan murfi, ya mayar da rabi ɗaya, ya sa ɗayan a aljihu, ya tada inji.

Tokie ce ta kai Tsuneo asibiti washegari. Ita ke riƙe da mabuɗin ɗakin taronmu tun da mijinta ya rasu, ita ke dafa shayi, ita kaɗai kuma a cikinmu 'ya'yanta ba su ƙwace mata mota ba.

"Dattijo, dubiya za ka ko faɗa? Na ga aljihunka ya yi nauyi."

"Ki kalli hanya."

Kanbe ya ƙanƙance a gadon, an sa masa roba a hanci. Tsuneo ya ciro dutsen ya ɗora masa a kan bargo.

"Dila ne."

"Dila ne," in ji Kanbe.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kafin in kai gida. Yana bushewa a hannuna na gane."

"Ka kuma yi shiru."

"In ce me? In ƙwanƙwasa maka ƙofa in ce na jiƙa wandona cikin sanyin nan a kan dila? Ai da har yau kana ba mutane labari."

"Da yana bayarwa kam," in ji Tokie, tana ɓare lemun da ba mai ci. "Har da ƙari."

"To me ya sa ka yanka shi yanzu?" in ji Tsuneo.

Kanbe ya juya ido wajen taga. Daga nan ba a ganin teku, sai rufin wurin ajiye motoci.

"Dila ma yana ɗaukar sheƙi," ya ce. "Ka mayar da shi, ka cire shi a tsakiyar aiki, ɗan'uwansa zai wuce shi. Kuma kar ka tsallake mataki."

"Rabin na wa?"

"Ka ƙarasa tukuna, maroƙi."

Kanbe bai kai wata Lahadin ba.

Mu kaɗan ne a wurin sallamar gawa. Ƙungiyar da a da sai an ƙaro kujeru, yanzu tebur ɗaya ya ishe mu, rabinmu da sanda. Malamin haikali ya yi karatunsa, muka bi layi muka sa turare, aka kai shi aka ƙona, aka miƙa wa 'yarsa Harumi ƙasusuwan a akwati mai farin ƙyalle. Daga birnin Nagoya ta zo, ita kaɗai, da baƙaƙen kaya da ƙaramar jaka ta kwana biyu.

Da yamma Tsuneo ya ji an buɗe ƙofar rumfar Kanbe. Bai san yana da sauran gudu a ƙafarsa ba. Ya tarar da Harumi ta sunkuya, hannunta a kan wayar inji.

"Kar ki cire, 'yata."

"Kawu, gobe za a yanke wutar gidan nan. Ƙarshen wata masu kwashe kaya za su zo." Ba ta ɗaga murya ba, gajiya ce kawai a ciki. "Da ƙarar nan na tashi. Ranar da Mama ta haɗa kayanta ta tafi ma bai kashe injin ba, wai ba a gama mako ba. Idan kana so ka ɗauka, da gangar da duk tarkacen nan."

"A bar ta inda take. Zan jawo wuta daga wurina."

"Me ke ciki haka?"

"Aikin da ya bar min."

Ta dube shi, ta dubi kantocin da aka jera wa gwangwanaye cike da tsakuwa har rufi. Ta saki wayar.

"Zuwa ƙarshen wata. Ban iya ƙara maka ko kwana ɗaya ba, na riga na sa hannu."

Ya jawo doguwar waya daga ɗakin girkinsa, ta kan katanga, ya naɗe mahaɗar da leda saboda ruwan sama. Tokie ta zo kawo masa dafaffen kabewa ta tarar da shi a kan kujera yana ɗaurewa.

"Za ka faɗo ka karye, mu sake sayen turare. Me ya hana ka ɗauko gangar kawai? Yaro ma ya ɗauke ta."

"Daɓen rumfata ba daidai yake ba."

"Ƙarya kake."

"To ƙarya nake. Miƙo min igiya."

Lokacin a ƙure yake, ya sani. Matakai biyu suka rage bayan wannan, kuma dutsen da ya kwana a aljihunsa yana baya. Tokie ta ce ya haɗe mai laushi da sheƙi mana, wa zai sani. Ya ce akwai wanda zai sani. Duk Lahadi kafin mai kifi ya wuce yakan zagaya, ya kashe inji, ya wanke, ya goge kowace tsaga da buroshi, ya zuba lakar a ramin bayan gida nesa da rariya. Gidan a rufe, labule a sake, takardun talla sun cika akwatin ƙofa. Wata Lahadi sanyin ruwa ya sarƙe shi ya yi tari, tari mai ƙarfi, sai ya tsaya da tiyo a hannu yana sauraro. Ɗakin girkinsa ne a bayan katangar. Babu kowa a ciki.

Kowane mako muryar gangar tana ƙara laushi. Da ta kai farin gari, sai ka rantse ruwa ne ke wasa da tsakuwa a bakin gaɓa.

Ranar ƙarshe motar masu kwashe kaya ta riga Harumi isowa. Tsuneo ya tsaya a ƙofar rumfa ya ce su fara da cikin gida. Da ta zo, ta tsaya a bayansa tana sauraron gangar.

"Ba haka na tuna ta ba," ta ce. "A raina ta fi haka ƙara."

"Farkon ne mai ƙara. Kashe ta, ke ya kamata."

Ta danna. Gangar ta yi rabin juyi ta tsaya.

Ya wanke su a gabanta. Rabi biyun suka fito sumul, kore kamar ganye bayan ruwa, jan tsatsan ya koma zare-zare a ciki. Ya goge da gefen rigarsa, ya jira su bushe. Sheƙin bai gudu ba. Ya juya su ta ko'ina yana neman karce, bai samu ba.

"Hisui ne?" ta tambaya.

"Dila ne. Ko kin kai kasuwa dariya za su yi miki." Ya miƙa mata ɗaya. "Ki ajiye kusa da babanki. Ki ce masa na wanke da kyau."

Ta riƙe shi a tafin hannu, tana shafa fuskar yankan da babban yatsa. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai wani cikin ma'aikatan ya leƙo yana tambaya ko gwangwanayen nan duk na zubarwa ne. Ta sa dutsen a aljihun rigarta, ba a jaka ba, ta tafi ta amsa masa.

Kafin la'asar rumfar ta zama fili. Tsuneo ya naɗe wayarsa. Ganga da injin kaɗai ya ɗauka.

Washegari ya dasa su a tsakar gidansa, ya cika gangar da tsakuwar banza da ya kwaso a gaɓa, ya zuba gari mai kaushi, ya tada inji. Ya koma ciki ya zuba shinkafa da miya, ya ɗora tsinkayensa a kan rabin dutsen, ya zauna. Ya saurara. Ƙarar ta yi kusa da yawa.

Ya tashi ya fita, ya tura injin har ya manne da katanga, ya ɗora masa tsohon buhu. Ya dawo ya ja taga, ya bar ta a ɗan buɗe. Miyar tana tururi. Ya ɗauki tsinkayen.