Cajar Uwar Gida

Tun da hannunsa ya fara rawa, Mai Rediyo ya rufe shagon gyara ya dawo gida da zama. Ganin zaman na cin ransa, 'yarsa ta aiko masa da wata 'yar kwamfuta tsirara, ko murfi babu, wadda ba ta fi tafin hannu ba, ana jona ta da talabijin.

Kwanakin farko ta yi aiki lafiya lau, daga baya ta fara tsiya. Da ya kunna sai rubutu ya fito a talabijin, kafin ya zauna ta mutu. Ya sake katin ajiya, ya goge ƙura, ya bi ƙananan wayoyin da tabarau, duk a banza.

"Ni na ƙona ta," ya ce wa matarsa da sanyin murya. "Hannun nan ya gama yawo."

"Haba Malam, abin da ko hayaƙi bai yi ba?"

Idonsa na kan wata 'yar jar fitila da ke ƙyaftawa a jikin kwamfutar. Haka rediyo ke yi idan batir ya yi sanyi. Ya bi waya har bango, sai ya tarar da wata siririyar caja da bai sani ba.

"Ina tawa mai kaurin?"

Matar ta kama baki. "Au! Ai ta fi saurin cika waya, shi ya sa na musanya."

Ya yi dariya har da tari. Da ta kawo, hannunsa ya kasa saita bakin, sai ta riƙe masa wuyan hannu suka soka tare. Fitilar ta tsaya cak tana ci, ba ƙyaftawa.