Uban Wani

Muryar namiji ce, mai taushi, da wani kiɗa mai sanyi a ƙarƙashinta. Daga wayar abokiyar aikin Auta take fitowa, an jingina ta da kwalin sirinji a kan teburin shagon magani. Auta tana jera kwalaben maganin tari a kantar shagon, ba ta ma saurara ba, sai da muryar ta ce: "Ranar da mahaifina ya manta fuskar mahaifiyata, bai manta takalmanta ba."

Hannunta ya tsaya a sama. Ta san jimlar da za ta biyo baya, kuma ita ɗin ce ta biyo.

Abokiyar aikin, wadda ko tallan sabulu yana iya sa ta hawaye, ta share ido ta yi mata bayani. Wani ne mai suna Mai Alƙalami a intanet, mabiyansa ba sa ƙirguwa. Shi ya rubuta wannan a kan mahaifinsa, wani tela, ya kuma karanta da bakinsa. Ko'ina ka leƙa bidiyon ne ke yawo.

Mahaifin Auta ba tela ba ne, mai gyaran agogo ne. Da cutar mantuwa ta kama shi, ta fara da sunayen abokan cinikinsa, ta bi ta kan 'ya'yansa, ta ƙare a kan matarsa. Wata rana da hantsi ya ga takalman Mama a ƙofar ɗaki, ya dubi Mama, ya tambaye ta ina ta kai mai takalman. Ta ce ai ita ce. Ya rungume takalman a ƙirji, ya kore ta har bakin titi ƙafa ba takalmi, yana kiranta ɓarauniya, maƙwabta suna leƙe ta taga. Bayan rasuwarsa Mama ta daina fita. Ba ta taɓa faɗa ba, amma Auta ta san abin da ke cin ta: wai ko rashin hankalin ne ya fito da abin da ya daɗe a ransa game da ita.

Auta ta rubuta wannan duka. Ita ba ta san wani abu wai shi tsara rubutu a gefe ba. Lokacin hutun rana take zama a kan kwali a bayan shago, ta buɗe shafinta, ta rubuta kai tsaye a inda ake wallafawa, da babban yatsa ɗaya, ta tura. Haka ta yi da labarin mahaifinta, tana rubutu tana jan hanci. Mabiyanta 'yan kaɗan ne, yawancinsu dangi da tsofaffin ƙawayen makaranta.

Cikin dangin har da Yaya, babban wansu, mutumin da bai taɓa karanta komai nata ba sai wannan. Ya kira ta yana huci. Ya ce ta tona asirin gida a kasuwa, kuma idan maganar ta kai kunnen Mama, to ta san ita ta ƙarasa ta. Auta ta tsorata. Maimakon ta gyara rubutun a inda yake, sai ta goge shi ɗungurungum. Bayan 'yan makonni, da zuciyarta ta ƙi haƙura, ta sake rubuta shi daga ka, ta cire titi, ta cire maƙwabta da kalmar ɓarauniya, ta bar takalman a ƙofar ɗaki kawai. Ba ta san cewa kafin ta goge na farkon wani ya riga ya kwashe shi ba.

Da aka tashi aiki ta aika wa Mai Alƙalami saƙo cikin ladabi, har da gaisuwa, kamar mai roƙon arziki. Ya karanta, bai amsa ba. Washegari ta rubuta a fili ƙarƙashin bidiyon cewa rubutun nata ne, uban kuma nata ne. Nan ne ya amsa, ba da kalma ko ɗaya ba: ya ɗora hoton nasa rubutun da hoton nata gefe da gefe, ya zagaye kwanan watan kowanne da jan layi. Nasa ya riga nata fitowa.

Sai jama'a suka yi mata ca. Wani ya ce ko satar ma ba ta iya ba, ta kwafi ƙashin ta bar tsokar. Wata ta ce mutum ya ji tsoron Allah, a ce har gawar uban wani za a yi sata a kanta. Waɗanda ba su taɓa sanin tana duniya ba suka bi hotunanta ɗaya bayan ɗaya suna ajiye mata zagi. Ta kai ƙorafi ga masu kula da dandalin, suka nemi ta nuna asalin rubutun da ranar da ya fito. Ba ta da shi. Mabiyansa kuwa suka kai nasu ƙorafin a tare, kuma nasu ne ya karɓu. Wata safiya ta duba shafinta ta tarar an cire rubutun, da sanarwar cewa mallakar wani ne.

Abin ya yi mata ciwon da ko ranar jana'iza ba ta ji irinsa ba. A ranar jana'iza dai kowa ya yarda uban nata ne.

A shago abokiyar aikin ta daina kunna bidiyo. Ta ce ta yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma ta faɗa ne tana duban kwalin allura. Yaya kuwa, da ta kai masa kuka, cewa ya yi ai gara haka. Tunda duniya ta ɗauka telan wani gari ne, to Allah ya rufa musu asiri, ta ja bakinta ta yi shiru.

Shaida ɗaya ce ta rage mata, kuma tana zaune a gida. In Mama ta yarda ta yi magana a gaban waya, ko da ba a nuna fuskarta ba, ta faɗi yadda aka yi da bakinta, babu jan layin da zai ƙaryata ta. Auta ta yi ta juya maganar a ranta cikin motar haya, tana neman ta inda za ta fara. Za ta ce ta yi kuskure. Za ta ce an zalunce su, su duka, har da mamacin.

Tun daga tsakar gida ta jiyo kiɗan.

Mama na zaune a bakin gado, Gwaggo, ƙanwar Baba, tana riƙe mata waya kusa da kunne. Labulen tagar da ya daɗe a sake an ɗaure shi gefe, hasken yamma ya shigo har kan tabarma. Fuskar Mama jiƙe take sharkaf, amma ba irin kukan da Auta ta saba gani ba ne. Wannan da ɗan murmushi a cikinsa.

"Auta, zo ki ji," in ji Mama. "Ashe ba ni kaɗai ba ce."

Auta ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

"Wani yaro ne, babansa tela. Wallahi kamar a gidan nan aka yi. Har takalman, har korar. Ita ma uwar tasa ɓarauniya uban ya ce mata." Ta goge hanci da gefen zani. "Kin ga ashe cutar ce. Haka take sa su duka. Ba wani abu ne yake riƙe da ni a ransa ba."

Gwaggo ta ce ai tun tuni take gaya mata haka, amma sai da ta ji daga bakin bare ta yarda. Ta ƙara da cewa gobe ma Mama ta ce za ta raka ta dubiya asibiti. Gwaggo ta yi dariya, Mama ma ta taya ta.

Duk abin da Auta ta shirya a mota yana nan a bakinta. Ta dubi uwarta, ta ga kafaɗun da suka daɗe a tsuke sun sauka. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta zauna a kan tabarma.

Mama ta tambaye ta ko ana iya aika wa yaron magana. Auta ta ce ana iyawa. Gwaggo ta ce ita tata wayar sauraro kawai ta iya da ita, ba ta san inda ake rubutu ba.

"To rubuta masa ta taki," in ji Mama. "Ki ce Allah ya jiƙan mahaifinsa. Ki ce ya gaida mahaifiyarsa, wata da ta ga irin abin da ta gani tana gaishe ta. Ki ce Allah ya yi masa albarka da bai ɓoye komai ba."

"Mama, da sunana zai fito."

"To ai ya fi. Ya san 'yar mutunci ce ta aiko."

Auta ta buɗe bidiyon. Zagin da aka yi mata yana nan jere a ƙasa, da hoton jan layin. Ta rubuta abin da Mama ta faɗa, kalma bayan kalma, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta tura.

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Mai Alƙalami ya ɗaga saƙon nata ya kafe shi a saman duk sauran, inda kowa zai fara gani. A ƙarƙashinsa mutane har sun fara yaba masa da haƙuri, suna cewa gaskiya ta yi halinta.

"Ya amsa?" Mama ta tambaya, tana leƙen wayar da ba za ta iya karantawa ba.

"Ya amsa, Mama."

"Me ya ce?"

"Ya ce amin."