Wa Zai Fito a Matsayin Tsintau

Sunana Emenike, kuma don Allah kada wani ya ce mini, "Kai, amma fa ka iya Hausa!" Na gaji da jin wannan. A Sabon Gari aka haife ni, a nan aka haifi babana. Kakana kuwa aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Zariya tun yana saurayi. In na je ƙauyenmu a kudu hutun Kirsimeti, Aboki suke kirana. In na dawo gida, na koma Inyamuri. To, ku ji abin da ya raba ni da ƙungiyarmu.

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta ɗalibai a Samaru, shugabanmu Malam Abdulrahim. Bara ya zaƙulo wani tsohon littafi ya mayar da shi wasa. Labarin Tsintau ne, jaririn da aka tsinta a bakin rafi, mutanen gari suka raine shi har ya zama magidanci. Da annoba ta faɗa wa shanunsu, sai suka tuna ba su san asalinsa ba, suka taru suka kore shi. Ranar da na karanta labarin nan ko abinci ban iya ci ba. Na ce wa kaina ko ana ha maza ha mata, ni zan fito a matsayin Tsintau.

Ranar gwaji na zage na yi iya yina. Raihana, mai kula mana da kayan sawa, har sai da ta share ido da gefen mayafi. Washegari Malam ya sanar cewa Ameer ne Tsintau. Ameer! Yaron da a Abuja ya tashi, wanda ko daga cikin aji ba a taɓa korarsa ba. Yana karanta kukan Tsintau kamar mai sanarwar ɗaurin aure.

Na tare Malam a bakin zauren da muke atisaye. Na ce, "Malam, me na rasa?"

Ya dafa kafaɗata. "Mutumina, ba wai ba ka iya ba. Kowa ya ga ka iya. Amma 'yan kallo ba za su tausaya ba sai sun ji kamar ɗansu ne ake kora. Kai kuwa in suka gan ka..."

"In suka gan ni me?"

"Haba, ai ka gane."

Na gane mana! Wato a wasan da aka shirya don a nuna zaluncin korar bare, baren bai isa a kore shi ba, sai ɗan gida. Wallahi ji na yi kamar in kifa masa mari. Kuma don ya lallashe ni, sai ya sa ni cikin taron masu korar Tsintau, ya ba ni jimla guda, wai ni zan fara faɗa: "Koma inda ka fito!"

Na so in yi tafiyata tun ranar. Amma ina zan je? Tun shigowata jami'a da mutanen nan nake ci, da su nake sha, ni ke kai su cin nama Sabon Gari in an gama jarrabawa. Sai na haɗiye, na karɓi tsohuwar babbar rigar da Raihana ta miƙo mini ba tare da ta iya kallon idona ba.

Ranar wasa bayan la'asar zaure ya cika maƙil. Aka zo wurin kora. Ameer ya durƙusa a tsakiya, mu kuma muka kewaye shi da sanduna. Na ɗaga tawa, na tattaro duk haushin da ke cikina na kwarara, "Koma inda ka fito!"

Sai wani daga can baya cikin 'yan kallo ya ce, "Kai ma ka koma, Inyamuri!"

Zaure ya fashe da dariya. Har wasu daga cikin masu riƙe da sanduna tare da ni suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Ban san lokacin da na juya wa Ameer baya na fuskanci mutane ba. Na ce, "Ina? Tashi tsaye in gan ka, ka faɗa mini motar da zan shiga! A bayan kasuwar Sabon Gari aka binne cibiyata, a gindin mangwaron gidanmu. Kakana yana kwance cikin ƙasar nan. Ranar da aka kai shi, maƙwabta ne suka kama mana akwatin. Ruwan da ka sha na sha, zazzaɓin da ya kayar da kai ya kayar da ni. Ina kake so in koma? Ka faɗa mana, tunda ka fi ni sanin gidanmu!"

Na sauke sandata. Sai tafi ya ɓarke, da fito, da "Sai Emenike!" Sun ɗauka duk cikin wasan ne. An zage ni an yi dariya, na yi kuka an yi mini tafi.

Da aka tashi, Malam ya zo da gudu, baki har kunne. "Mutumina, ka kashe su! Gobe ma haka za ka yi. Zan sa ɗaya daga cikin yaranmu ya zauna a baya ya yi ihun, kai kuma ka maimaita, kada ka canza komai."

Na cire babbar rigar na cilla masa a ƙirji. Na ce, "Ka nemi wani biri." Na fita na tari keke, ban waiwaya ba.

Washegari da yamma Raihana ta kira ni. Ta ce an yi wasan ba ni. Malam ya zauna ya tuno maganata kaf, ya cire Sabon Gari da akwatin, ya sa sauran a bakin Ameer, har da kakan da Tsintau bai taɓa sani ba, ya zama jawabin Tsintau na ƙarshe.

Na ce, "An yi masa tafin?"

Ta ce, "Ba wanda ya tafa, Emenike. Kuka aka yi ta yi, har da maza."

Na kashe wayar. Cibiyata ce, kakana ne, amma sai da suka fito daga bakin Ameer sannan aka yarda akwai ciwo a ciki.