Kwarin Bayan Gidan Bubayero

Iklima ta auna kwarin da ke bayan gidan kakanta, ta dawo zaure ta ce masa gidan ya kusa faɗawa ciki.

Malam Bubayero bai ɗago ba. Jikarsa ce, tana karatun digiri na biyu kan tsara birane da kula da muhalli. An turo ta gida bincike a kan zaizayar ƙasa, cikin duk kwarurrukan Gombe kuma nasu na unguwar Malam Inna ta zaɓa.

"Kaka, ba ni labarin wurin nan yadda yake da. Malamaina suna son ji daga bakin dattawa."

"Su ba su da tsofaffi ne, amarya?"

"Nasu ba su kai ka rigima ba."

Ta ajiye waya kusa da buzunsa tana ɗaukar magana. Ya harari wayar, sannan ya fara.

Lokacin da ya kafa gidan, kwarin nan 'yar hanyar shanu ce, ruwa kan bi ta idan an yi sama. Abdulaziz, uban Iklima, yana yaro yakan tsallake ta da ƙwaryar fura a ka. Akwai ɗorawa, akwai ɗinya, gero har inda ido ya tsaya. Marigayiya matarsa, Nana Hadiza, takan shanya kuɓewa a wani fako, yanzu wurin iska ce kawai. Daga baya gari ya iso. Aka sare itatuwa, kowa ya rufa kwano ya malala siminti, ruwa ya rasa wurin nutsewa.

Ya daɗe bai ambaci sunan matar nan a fili ba.

Iklima ta matso ta nuna masa hoton da ta ɗauka daga cikin kwarin. Katangar ɗakin kakarta ce, ƙasar da ke ƙarƙashinta ta rarake, harsashin ginin yana rataye. Shi kullum daga sama yake dubawa, bai taɓa ganin haka ba. Ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido.

"Bayan ɗakin nan aka binne cibiyar ubanki," ya ce. "Da ta ƙannensa duka. Ni na haƙa ramukan."

"Na sani, Kaka. Amma ruwa bai sani ba. Baba ya gyara maka ɗaki a unguwar Federal Low-Cost, har da famfo."

Malam Bubayero ya taɓa kwana a can. Babu zaure, maƙwabta daga cikin mota suke gaisuwa.

"A karatun naku ba a koyar da toshe kwari?"

"Ana koyarwa. Aikin hukuma ne, kuma damina za ta riga ta zuwa. Don Allah, Kaka. Ko zuwa lokacin kaka ne, sai ka dawo."

Ya miƙa mata wayarta, ya gyara zama a kan buzun.

"Ki rubuta musu duk abin da na faɗa. Ki gaya wa ubanki na gode. Ba zan tashi ba."