Taken Isufu

Ran da aka yi shela 'Yan Jitar Kurni za su yi wasa a gidan matasa na Matamaye, Alhaji Isufu mai sayar da takin zamani ya rufe shago tun kafin la'asar. Shekara da shekaru yana gaya wa matarsa, Hajiya Najaha, cewa a samartakarsa makaɗan nan har take suka yi masa, kiɗansa shi kaɗai, saboda iya rawa. Ita kuwa sai ta dubi tumbinsa ta ce, "To, Alhaji." Wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo, shi ya sa ya tasa ta gaba ta je ta ji da kunnenta.

Makaɗan sun tsufa tukuf. Mai jita a zaune yake kaɗawa, mai kalangu ba haƙori ko ɗaya, shugabansu Tanko kuwa tsakanin waƙa da waƙa sai ya haɗiyi maganin hawan jini. Amma da suka taɓa, wuri ya ɗauka. Suka yi ta kiran tsofaffin 'yan rawa, kowa da takensa, ba a kira Isufu ba. Gumi ya jiƙa masa hula, don ya ji Hajiya ta fara gyaran murya.

Can Tanko ya ɗaga hannu. "Jama'a, a al'adarmu in ɗan rawarmu ya rasu mukan kaɗa takensa a hankali, ba mai takawa. An ce mana Isufu na Matamaye ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansa."

Garin cike yake da masu sunan Isufu, sai kowa ya ce amin. Shi ma saura kaɗan ya ce. Da kiɗan ya tashi kuwa, ya ji takensa ne, ya yi wuf ya faɗa fili.

"Ƙarya ne! Ga ni da raina!"

Tanko ya ƙanƙance ido. "Namu Isufun siriri ne kamar kara. Alhaji, taka mu gani."

Aka saki kiɗa. Isufu ya naɗe babbar riga, ya taka, ya juya, ya sake juyawa, sai ga shi tim a ƙasa.

Mai kalangu ya yar da makaɗi. "Wallahi shi ne! Ko da can a daidai nan yake faɗuwa!"

Tanko ya sauko ya rungume shi yana hawaye. Hajiya tana dariya har da riƙe ciki, Isufu kuwa daga kwance ya ɗago kai, murna ta cika shi.

"Hajiya, kin dai ji ko? Nawa ne."