Tayar Baya ta Hagu

"Mansura, ajiye tulun nan ki zo ki ara mini idanunki," in ji Baba Attahiru.

Ina dawowa daga famfo ne. Shi maƙwabcinmu ne, mai faci, rumfarsa na jingine da katangar gidanmu a bakin titin Tsafe. Tun da yanar ido ta fara rufe masa gani, ni nake karanta masa lambobin jikin taya. Aji huɗu na tsaya a firamare, amma lamba dai na iya ta.

Motar Bashar ce a gaban rumfar, mijin 'yarsa Sa'adiya. Ya sayo sababbin wili a Gusau, manya, masu ƙyalli, an sa musu tayoyin gwanjo marasa kauri. Maza uku na zaune a kan benci suna yaba su.

"Ta ƙarshe nika so," in ji Baba Attahiru. "Wadda ke kusa da harafi. Ita ka faɗin nauyin da taya ka ɗauka."

Na durƙusa a tayar gaba. "Casa'in da ɗaya."

"To, madalla. Abin da doka ta yanke ma wagga mota ke nan. Ƙasa da haka ko ma'aikatan hanya ba su yarda."

"Ai na gaya maka, Baba," in ji Bashar. "Mai shagon ya ce duka huɗun uwa ɗaya uba ɗaya."

Da na zagaya zan ɗauki tuluna, idona ya faɗa kan tayar baya ta hagu. Tamanin da biyu. Na sake dubawa. Tamanin da biyu ce.

Na buɗe baki, sai wani daga kan bencin ya ce, "Injiniya Mansura! A ba ta sifana ta kama aiki mana." Suka kwashe da dariya. Na ja hijabina na rufe rabin fuska, na shige gida. Na ce a raina in an watse zan faɗa masa. Da aka watse Inna ta sa ni daka. Washegari da sassafe suka tafi Bilbis ɗauko dawar da Baba Attahiru ya noma a gonar gado, shi a gaba, Bashar na tuƙi.

Buhu takwas suka ɗora, har kan rufi. A hanyar dawowa tayar baya ta fashe, motar ta wuntsila cikin rami. Bashar ya fito da karaya a hannu. Baba Attahiru ya yi kwana huɗu a asibiti a Gusau, sannan ya ce a mai da shi ɗakinsa.

Kullum Inna na aike ni da kunu. Ina miƙa wa matarsa, Inna Saude, daga bakin ƙofa in juyo. Ba na cin abincin kirki. Ko gawayi na ɗauka zan hura wuta, sai in ga hannuna ya rubuta takwas da biyu a ƙasa.

Ranar Alhamis da hantsi ya ji muryata.

"Mansura ce? Ta shigo."

Yana kwance a katifa, an naɗe masa ƙirji da farin ƙyalle. Har yanzu akwai baƙin taya a ƙarƙashin faratansa. Inna Saude ta fita duba tukunya. Na tsuguna nesa da shi, na gaishe shi, sai maganar ta fito da kanta.

"Baba, ta bayan ba casa'in da ɗaya ba ce. Na gani. Ban faɗa ba."

Ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan tabarma.

"Nawa kinka gani?"

"Tamanin da biyu."

"Na yi zaton tamanin da huɗu," in ji shi. "Hannu ya fara tsufa."

Na ɗago kai.

"Na shafa ta, ɗiyata. Sa'ad da nika ba ta iska na ji gefenta ya yi laushi. Shekara talatin ina wanga aiki. To, mijin ɗiyarka ya zo da murna tai, abokanai na zaune, ka ce mashi an cuce shi? Na ce in mun kai Bilbis ni rage buhu biyu. Da munka kai, sai ga 'yan'uwa sun taru suna ta ɗorawa." Ya yi tari. "Ke kin ji kunyar mutum uku. Ni ta mutum ɗaya."

"Da na faɗa, da ka sami abin kamawa."

"Da na samu," in ji shi. Bai ce mini "ba komai" ba. Ya rufe ido ya ce in kira masa Saude.

Ya rasu bayan sallar Juma'a.

Bayan sadakar bakwai, ina shara a ƙofar gida, wata mota cike da mata da buhunan gero ta tsaya a gaban rumfar. Direban ya yi ham sau biyu, ya leƙo.

"'Yan mata, ina mai facin?"

"Ya rasu."

"Allahu Akbar. Allah shi jiƙan shi." Ya sa hannu zai tayar da mota.

"Malam," na ce. Muryata ta fito ƙarama, sai da na sake. "Malam, dakata."

Na jingine tsintsiya. Taɓo ya rufe gefen tayar baya. Na durƙusa, matan na kallona ta taga, na fara goge shi da bakin hijabina.