Amanar da Aka Ɗinke

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Alhamis, ruwan da aka kwana ana yi ya tsagaita, amma sama ba ta washe ba. Gado ya diro daga bayan lorin Doka a tashar Gadarif, baƙin taɓo ya kama masa ƙafafu har ƙauri. Bai ko tsaya kankarewa ba, ya miƙe sai banki.

Saƙon waya ne ya taso shi. Ƙauyensu babu layi in damina ta yi ƙarfi, sai jiya da ya shigo Doka sayen man inji wayar ta yi ƙara, mai shago ya karanta masa. Wai kamfanin da ya ba shi injin niƙa bashi ya zo cirar kason wata daga asusunsa ranar Talata, ya tarar ba komai. Banki ya ɗora masa tarar jine tamanin, kuɗin ƙasar. Za a sake gwadawa ranar Lahadi da sassafe. Gado ya san abin da ke cikin takardar da ya dangwala wa hannu: in aka gwada sau biyu a jere ba a samu ba, kamfani zai turo mota a kwance injin. Saura wata huɗu kacal ya gama biya. Gobe Juma'a, jibi Asabar, banki a rufe. Yau ce kawai.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ya aiko kuɗin tun ranar Lahadin da ta wuce.

A bakin ƙofar bankin Baba Ɗantsoho yana zaune kan kujerarsa ta ƙarfe. Shekara ashirin da biyu yana gadin wurin. Duk Bahaushen da ke noma tsakanin Doka da Ƙala'at an-Nahal ya san shi, domin in hanya ta ɓaci shi ake aiko wa kuɗi ta hannun direbobi, ya bi layi ya zuba a asusun mutum, ya ajiye masa takarda. Ba ya karɓar ko kuɗin shayi. Da ya hango Gado sai ya miƙe, ya ja shi gefen bango inda ɗan sanda ba zai ji ba.

"Baba, ina kuɗina? Ya'u direba bai kawo maka ba?"

"Ya kawo, ɗana. Litinin da la'asar ya kawo." Tsohon ya zura hannu cikin riga ya fito da ƙunshin farin ƙyalle. "Ga shi yadda ya zo."

Gado ya kalli ƙunshin. A ɗinke yake, zare biyu, gefe da gefe.

Kowa a hanyar nan ya san ƙa'idar. Amanar da aka ɗaure da igiya ta zubawa ce, a kwance a kai wa mai karɓar kuɗi. Wadda aka ɗinke kuwa ta ajiya ce, ba mai farke ta sai mai ita. Gado kullum ɗaurewa yake yi. Ranar nan yana wajen inji, ya ce wa matarsa Ummuhani ta kai wa Ya'u. Ita kuma ta ga hadari, ta naɗe kuɗin a leda, ta ɗinke tsaf don kada su jiƙe.

"To ba ka san ranar Talata ake cira ba? Wata ashirin kana zuba mini!"

"Na sani. Na kwana ina juya shi. Sau uku na sa aka kira ka, layi bai shiga ba. Na ce in na farke, ya zama na sadakin wani ne ko na gado, me zan ce wa Allah?" Ya sunkuyar da kai. "Jine goma sha biyar gare ni. Karɓi."

"Riƙe abinka. Banki ne zai yafe. Kuɗina a gidansu suka kwana uku."

Ya fizge ƙunshin ya shige.

Ciki ya cika da manoma da 'yan kasuwar riɗi, ga warin jiƙaƙƙun riguna, fanka tana juyawa ba ta kai iska ko'ina. Sai da ya yi awa guda da wani abu a layi. Ya farke ɗinkin da haƙori a gaban ma'aikaciyar, ta ƙirga, dubu ɗaya da ɗari biyu cif, ta buga hatimi. Sannan ta dubi na'urarta ta yi masa magana da Larabci.

"An cire tara. Abin da ke ciki yanzu dubu ɗaya da ɗari da ashirin."

"Ustaza, kason ai dubu ɗaya da ɗari biyu ne."

"To ka cika tamanin, in ba haka ba ranar Lahadi zai sake dawowa."

"Ban yi laifin da za a ci ni tara ba."

"Ba ni na ɗora ba, ba ni zan cire ba. Ga ofishin mudir can. Na gaba!"

Ƙofar mudir, shugaban reshen, a rufe take. Gado ya zauna kan benci. Agogon bango ya nuna sha biyu da rabi, ƙarfe biyu kuma ake rufe ƙofa. Ya lalubi aljihu: jine talatin da biyar, kuɗin komawa gida. Ya tuna matan ƙauyuka uku da suke jera ƙorai a bakin rumfarsa tun asuba. Ya tuna bijimin da ya sayar ya biya kuɗin farko. Taɓon ƙafarsa ya bushe yana tsagewa, yana zuba a kan simintin mutane.

Ƙarfe ɗaya saura kwata aka ce ya shiga.

Mudir mutum ne mai furfura a gemu, idonsa ya yi ja don gajiya. Ya nuna masa kujera, ya saurare shi yana murza goshi.

"Ya akhi, na ji. Amma ba hannun mutum ba ne, na'ura ce. Ta nemi kuɗi ba ta samu ba."

"Sa'adatak, ranka ya daɗe, na'ura ba ta san damina ba? Lori kwana guda yake yi a taɓo tsakanin ƙauyenmu da kwalta. Wata ashirin ban taɓa makara ba. A duba."

Mudir ya duba. "Gaskiya ne. Amma hanya ɗaya kawai nake da ita ta soke tara. Sai in kuskuren daga wajenmu yake."

Gado ya matso gaba. "To daga wajenku yake. Kuɗina suna cikin gidan nan tun Litinin."

Hannun mudir ya tsaya a goshinsa. "Cikin gidan nan? A hannun wa?"

Ya jawo farar takarda, ya cire murfin alƙalami.

"Faɗa mini sunan. In ma'aikacinmu ne ya karɓi kuɗinka bai zuba ba, yanzu zan soke tarar, in rubuta wa kamfanin cewa laifinmu ne. Shi kuma yau zai ajiye makulli. An hana kowa karɓar kuɗin jama'a a wajen kanta. Bara a wani reshe an kori mutum kan haka, ko haƙƙin ƙarshen aiki bai samu ba." Ya ɗago ido. "Na daɗe ina jin ƙishin-ƙishin. Ban dai samu wanda ya faɗa a gabana ba."

Ofishin yana da tagar gilashi mai kallon ƙofar shiga. Daga inda Gado yake zaune yana hango Ɗantsoho ya riƙo hannun wata tsohuwa yana hawo da ita matakala. Tsohon ya waiwayo, idonsu ya haɗu. Sai ya saki tsohuwar a bakin layi, ya gyara hularsa, ya taho kai tsaye wajen ofishin.

Gado ya dubi alƙalamin. Kalma ɗaya ce, inji ya tsira. Kuma ba ƙarya zai yi ba.

Aka ƙwanƙwasa, ƙofa ta buɗe.

"Sa'adatak," in ji Ɗantsoho, "akwai maganar da..."

"Baba, fita!" Gado ya daka masa tsawa da Hausa. "Fita, na ce! Ɗiyanka mata huɗu su ci me?" Ya juya ga mudir ya koma Larabci. "Ya zo ne kan taɓon da na zubar masa a ƙasa. Tun ɗazu yake bina. Zan share, Baba, zan share."

Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa. Mudir ya dube shi, ya dubi Gado, ya daɗe yana duban su.

"Koma ƙofa, ya Hajji," ya ce a hankali. Da ƙofar ta rufu ya sake ɗaga alƙalamin. "A hannun wa?"

"A hannun direban lori. Ya iso Litinin, ya tarar kun rufe, ya tafi da su. Bakina ne ya zarce."

"Ka ce cikin gidan nan."

"Ɓacin rai ne, sa'adatak."

Mudir ya mayar da murfin alƙalamin. Ya ninke farar takardar biyu ya jefa a aljihun tebur. "To tara tana nan. Ba ni da abin yi." Ya kalli agogon hannunsa. "Ɗaya da minti goma. Mu kan rufe ƙarfe biyu."

Gado ya fita ya wuce ta gaban tsohon bai kalle shi ba. An soma yayyafi.

Tamanin ake nema, talatin da biyar gare shi. Ya bi ta layin masu gyaran waya, suka juya tasa suka yi dariya, wani ya taya goma. Ya shiga kasuwa yana zamewa a kwata, ya leƙa rumfar wani ɗan garinsu mai sayar da dawa, aka ce ya tafi ta'aziyya Gedambaliya. Ladan ya kira azahar. Gado ya tsaya tsakiyar hanya, raksha mai ƙafa uku tana masa oda, bai ji ba.

A gabansa akwai rumfar masu tufafi. Ya kai hannu kansa. Rawaninsa ne na Sallah, fari mai kyau, kamu biyar, yau ne sawa ta uku. Ya warware shi a tsaye a wurin.

Mai rumfar ya murza bakin yadin. "Ya jiƙe. Talatin."

"Ɗari da goma na saya."

"Talatin da biyar."

"Arba'in da biyar nake nema. Ba ƙari, ba ragi. Ka ji tsoron Allah, ya zol, ka san ya fi haka."

Mutumin ya dubi kansa da ba ko hula, ya dubi ƙafafunsa. Ya yi tsaki, ya ƙirgo masa a hankali kamar ana cire masa haƙori.

Gado ya dunƙule kuɗin ya zura da gudu. Takalminsa ɗaya ya maƙale a taɓo, ya koma ya zaro shi ya riƙe a hannu. Ruwa yana dukan tsakar kansa. Yadda zai koma gida, da abin da zai ce wa Ummuhani, duk ya bar su sai an jima.

Da ya karyo kwanar bankin ya ga an riga an janyo ƙofar ƙarfe. Ɓari ɗaya a rufe, ɗayan saura kamu guda. Ɗan sanda yana tsaye yana cewa, "Kulle mana, ya Hajji, biyu ta wuce."

Ɗantsoho yana durƙushe a bakin ƙofar da tsinke a hannu, yana tonon ramin da sakata take shiga.

"Taɓo ya cika shi," yake cewa. "Ba za ta zauna ba sai na kwashe. Yi haƙuri kaɗan."

Yana tono, yana hurawa, yana sake tono, kafaɗarsa tokare da ƙofar. Gado ya karkata ya shige ta gefensa. Ta tagar gilashi mudir yana tsaye yana kallo, don haka ba wanda ya dubi wani. A ciki mutum biyu suka rage a layi, ma'aikaciyar ba ta ɗauke hatiminta ba tukuna. Gado ya tsaya bayansu yana haki, takalmi a hannu.

Tsohon ya yar da tsinken, ya miƙe yana dafe gwiwa, ya tura ƙofar ya danna sakata.